Ciwon hanta a asibitocinmu: yawansa, hanyoyin ɗaukarsa, da abin da takardar gwaji ke nufi

Yawancin mutanenmu da aka taɓa gaya wa suna da ciwon hanta, ba ciwon ne ya kai su asibiti ba. Wani ya je ba ɗan'uwansa jini ne bayan haɗarin babur, wata awon ciki ta je, wani kuma aikin gwaiwa za a yi masa aka ce sai an duba jininsa tukuna. Sai ma'aikacin ɗakin gwaji ya miƙo takarda ya ce an ga "hepataitis", a je a ga likita. Mutum yana jin kansa garau, yana cin tuwonsa yana fita kasuwa, sai ya ninke takardar ya jefa aljihu. Wani kuma hankalinsa ya tashi, ya ɗauka tasa ta ƙare, ya hau motar Arewa neman saiwa. Dukansu biyu sun yi kuskure. Ga bayanin wannan cuta wuri guda, don amfanin mazauna Agege da Idi-Araba da Sabon Ibadan da Shagamu da Fatakwal da sauran zangonninmu na Kudu.

Wace cuta ce?

Hanta ita ke tace jini, ita ke sarrafa abin da muka ci da magungunan da muka sha, ita ke yin ruwan matsarmama, kuma ita ke haɗa sinadaran da ke sa jini ya daskare idan an ji rauni. Ciwon hanta shi ne kumburin wannan tsoka. Giya na jawo shi, wasu magunguna ma haka, amma wanda ake nufi a takardar asibiti shi ne na ƙwayoyin bairos. Maƙwabtanmu Yarbawa na ce masa "jedojedo", wato mai cin hanta, kuma sunan ya dace.

Iri biyar ne, an raɗa musu A, B, C, D da E. Sunan ne ya haɗa su, amma kowace ƙwaya da halinta. A da E ta baki suke shiga, ta ruwa ko abincin da bayan gida ya gurɓata, su kwantar da mutum na wasu makonni, galibi ya warke. B da C da D ta jini suke bi, kuma su ne ke iya zama a jiki shekara da shekaru. Ita D ba ta iya rayuwa sai a jikin wanda ke da B, don haka wanda ya tsira daga B ya tsira daga gare ta.

Akwai ruɗani tsakanin ciwon hanta da shawara. Shawara alama ce, wato ido ya yi ɗorawa, fitsari ya yi ja kamar shayi. Zazzaɓin cizon sauro mai tsanani na kawo ta, sikila na kawo ta, toshewar matsarmama ma haka. Sannan miliyoyin masu ɗauke da B da C ba su taɓa yin shawara ko sau ɗaya ba. Don haka mutum ya ce "ai idona fari ne tas" ba hujja ba ce.

Yawansa a duniya da Najeriya

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2024 ya ce a shekarar 2022 mutum miliyan 254 ne ke ɗauke da nau'in B, miliyan 50 kuma nau'in C. A shekarar kaɗai cututtukan biyu sun kashe mutum miliyan 1.3, kusan 3,500 ke nan a kullum, kuma kashi 83 cikin 100 na mace-macen daga B ne. Abin da ya fi tayar da hankali a rahoton, kashi 13 cikin 100 kacal na masu B ne suka san suna da ita.

A gida Najeriya, babban ma'aunin da ake dogaro da shi shi ne binciken ƙasa na 2018 da ake kira NAIIS, wanda aka bi gida-gida ana ɗibar jini. An yi shi ne don ƙanjamau, amma aka haɗa da ciwon hanta. Ya nuna kashi 8.1 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 64 na ɗauke da B, kashi 1.1 kuma na ɗauke da C. Maza sun fi mata nesa ba kusa ba a nau'in B: kashi 10.3 da kashi 5.8. A taƙaice, cikin manya 12 akwai mutum guda. Ka ƙirga fasinjojin bas guda mai cin mutum 18 daga Mile 12 zuwa Kano, ka ga abin da ake nufi. Ƙanjamau da kowa ke jin tsoro, a binciken nan bai kai kashi 2 cikin 100 ba.

Wani nazari da aka buga a 2021, wanda ya tattara sakamakon bincike da dama da aka yi a sassan ƙasar nan, ya sami kashi 9.5 cikin 100, kuma yankin da ya fi kowanne shi ne Arewa maso Yamma, da kashi 12.1. Wannan adadi ya shafe mu kai tsaye. Mafi yawan masu ɗauke da B tun suna yara suka same ta, saboda haka wanda aka haifa a Katsina ko Sakkwato ya zo Legas da ƙarfinsa, haɗarin garin haihuwarsa ne ke tare da shi, ko ya shekara 30 a Kudu.

Me ya sa alƙaluman asibiti ke saɓa wa juna

Kusan kowane asibitin koyarwa a ƙasar nan, daga UCH na Ibadan zuwa LUTH da ke nan Idi-Araba da na Benin da Inugu, an sha buga bincike kan yawan ciwon hanta a tsakanin masu zuwa wurinsu. Mai karatu kan ga wannan ya ce kaza, wancan ya ce ninkinsa, sai ya rasa wa zai gaskata. Amsar tana ga tambaya ɗaya: su wa aka gwada?

Idan mata masu awon ciki aka gwada, adadin kan yi kusa da na sauran matan gari, don lafiyarsu ƙalau, ciki ne ya kawo su. Idan masu ba da jini ne, kusan duk maza ne matasa, sai adadin ya karkata ga na maza. Idan kuwa waɗanda likita ya tura gwaji ne saboda ya ga alama, dole adadin ya hau, don an riga an tace su. A sashen masu ciwon hanta da dajin hanta kuwa, ba abin mamaki ba ne a tarar da kaso mai tsoka na ɗauke da B. Akwai kuma rukunin da zaman jinyar ne kansa ke ƙara musu haɗari: masu sikila da ake yi wa ƙarin jini a kai a kai, da masu wankin ƙoda.

Sannan kayan gwajin ba ɗaya ba ne. Ɗan tsinken gaggawa da ake ɗiga wa jini a ga sakamako cikin minti 15 yana da amfani ƙwarai, amma bai kai gwajin na'ura da ake kira ELISA gano ƙwayar da ba ta da yawa ba. A nau'in C kuma, gwajin farko sawun cutar kawai yake nunawa, ba ya bambance wanda ke da ita yanzu da wanda ta taɓa kama shi jikinsa ya kore ta. Saboda haka idan ka ga kanun labari ya ce "kashi kaza na marasa lafiya a asibiti kaza na da ciwon hanta", kar ka ɗauka haka abin yake a unguwarku, kar kuma ka ɗauka a asibitin suka kwaso ta. Yawancinsu da abinsu suka shigo.

Yadda ake iya ɗauka a wurin jinya

Duk da haka, ana ɗauka a wurin neman lafiya, kuma tarihi ya nuna. Babban misali Masar ce. Daga shekarun 1950 zuwa farkon 1980 aka yi gangamin yi wa jama'ar karkara allurar maganin tsargiya, ana amfani da sirinjin gilashi ana maimaitawa ba tare da an tafasa shi yadda ya kamata ba. Niyya mai kyau ce, amma ta bar ƙasar da yawan masu nau'in C da babu irinsa a duniya. Sai da suka yi wani gangamin daga 2018, suka gwada mutum fiye da miliyan 50 suka ba masu cutar magani kyauta, kafin Hukumar Lafiya ta Duniya ta yaba musu a 2023 a matsayin ƙasa ta farko da ta kama hanyar kawar da ita.

Ƙwayar B tana da taurin rai. Tana iya kwana 7 ko fiye a busasshen jinin da ke kan reza ko almakashi ko gefen gado, kuma ta kama mutum. Idan allurar da aka yi wa mai cuta ta soki ma'aikacin da bai yi rigakafi ba, haɗarin ɗaukar ƙanjamau kusan 3 ne cikin 1,000, na C kusan 2 cikin 100, na B kuwa yana iya kaiwa 30 cikin 100. Shi ya sa ake cewa ta fi ƙanjamau saurin kamu sau 50 zuwa 100.

Ƙarin jini shi ne inda ya kamata mu fi tsayawa. Ƙa'idar ƙasa ita ce kowace leda ta jini sai an gwada ta kan abu huɗu kafin a ɗaura wa mutum: ƙanjamau, B, C da tunjere. Manyan asibitoci na bin wannan, jihar Legas ma tana da hukumarta ta musamman mai sa ido kan jini. Matsalar tana wurare biyu. Na farko, akwai 'yan makonni bayan mutum ya kamu da gwaji ba ya ganin komai alhali ƙwayar na cikin jininsa. Na biyu, mu a Najeriya jinin sa-kai ya yi ƙaranci, an fi dogaro da 'yan'uwa da kuma masu sayar da jini. Shi mai sayarwa, wanda ke rakuɓe a bakin ɗakin gwaji yana jiran ciniki, ba zai taɓa faɗa maka gaskiyar lafiyarsa ba, don abincinsa ke nan.

Nan ne zaman baƙunta ke cutar da mu. Mai jinya a garinsu yana da dangi da za su yi layi. Ɗan ci-rani da tirela ta buge a hanyar Ibadan da tsakar dare, ko matar da jini ya ɓalle mata wajen haihuwa a wani ƙaramin asibitin kuɗi, ba su da kowa sai abokan sana'a biyu ko uku, sai a ce a kawo kuɗi a sayo. A irin wannan hali ana so wanda ke tsaye kan mara lafiya ya tambaya daga ina jinin ya fito, ya kuma duba ledar ya ga takardar shaidar gwaji a manne. Ba rashin kunya ba ne, haƙƙinsa ne. Kuma a ganina wannan aiki ne da fadar Sarkin Hausawa da ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na direbobi za su iya ɗauka cikin sauƙi: a sami jerin matasa masu lafiya da aka riga aka gwada, an san rukunin jininsu, ana da lambarsu. Muna tara kuɗin kai gawa gida cikin awa guda, wannan bai fi ƙarfinmu ba.

Sai allura. A asibitin kirki sirinji sau ɗaya ake amfani da shi a jefa a kwalin da aka tanada. Inda ake samun ɓaraka shi ne ƙananan wuraren da ba su da rajista, da bayan kantin kemis, da masu bin gida suna ɗaura ruwa. Wata dabara mai haɗari da mutane ba su lura da ita ba: a canza tsinin allurar amma a bar sirinjin, ko a mayar da sirinjin da aka yi aiki da shi cikin kwalbar maganin da za a ɗiba wa wani. Jinin da ido ba ya gani ya isa. Haka abin huda yatsa na awon suga, wanda masu yawo da na'ura a kasuwa ke bi rumfa-rumfa da shi. A buɗe sabo a gabanka, in ba haka ba ka haƙura. Mu kuma mu rage son allura, wallahi. Da yawanmu in ba a tsira musu ba gani suke ba a yi musu magani ba, alhali ƙwayar sha ta wadatar a mafi yawan lokuta.

A sashen wankin ƙoda, jinin mutum fita yake ya zagaya na'ura ya dawo, sau biyu ko uku a mako. Shi ya sa ake gwada kowa kafin a fara, ake ware wa masu B na'urarsu, ake kuma yi wa marasa ita rigakafi. Wanda aka ce masa sai ya kawo sakamakon gwaji kafin a ɗora shi, kar ya ga kamar neman kuɗi ne. Kayan cire haƙori da na tiyata kuma tafasa su a na'urar tururi ake yi, goge su da auduga da sifirit bai wadatar ba.

Masu zaman jinya su ma su kula. Mu ne ke wanke zanen da ya ɓaci da jini, mu ne ke kwashe tsumman haihuwa, sau da yawa da hannu tsirara, ga kaushi ga tsagewar fata. Safar hannu ba ta da tsada, ruwan bilic kuma na kashe ƙwayar. Wanda allura ta soka ko jini ya taɓa masa rauni, ya wanke da sabulu ya gaya wa ma'aikata nan take, don akwai rigakafin gaggawa na B da ya fi aiki cikin awa 24.

Inda aka fi kamuwa: haihuwa da ƙuruciya

Duk abin da aka lissafa a sama gaskiya ne, amma ba shi ne ya cika ƙasar nan da masu B ba. Shekarun da mutum ya kamu su ne ke yanke hukunci. Babba in ya kamu, sama da 95 cikin 100 jikinsu na korar ƙwayar cikin wata shida, su samu kariya har abada. Yaro ɗan ƙasa da shekara biyar, kusan ɗaya cikin uku za ta zauna masa. Jariri kuwa da ya ɗauka wajen haihuwa, 9 cikin 10 za su rayu da ita. A Afirka ta Yamma, binciken da aka daɗe ana yi a Gambiya tun shekarun 1980 ya nuna yara da yawa daga junansu suke ɗauka a cikin gida, ta ƙuraje da gyambo da ƙananan raunuka, ban da waɗanda suka samu daga uwa.

Maganin wannan yana nan, kuma kyauta ne. Najeriya ta sa rigakafin B cikin alluran yara a 2004, a 2012 kuma aka shigo da allurar Penta mai haɗe da shi, wadda ake yi a mako na 6 da na 10 da na 14. Amma akwai ta farko, ta ranar haihuwa, wadda ake so a yi cikin awa 24. Ita ce ke tare ƙwayar da jariri ya haɗu da ita a jinin uwa, kuma Penta ba ta maye gurbinta, don kafin mako shida aikin gama ya gama. Rahoton 2024 ya ce a nahiyar Afirka jarirai 18 cikin 100 ne kawai ke samun ta a kan lokaci.

Al'adarmu na da hannu a nan. Mace ta haihu a gida, a ce jariri ba ya fita sai an yi suna, wasu ma sai an yi arba'in. Wata kuma ta yi awonta a Legas, wata na takwas a sa ta a mota zuwa gida goyon ciki, katin awon ya tsaya a Agege, unguwarzoma a ƙauye ba ta san an taɓa cewa tana da cutar ba. Idan ka san matarka na da B, ka shirya allurar nan tun kafin naƙuda, ko ina za ta haihu. Ko an makara a kai yaron, amma kowace kwana ƙarfin kariyar raguwa yake. Uwar da ƙwayar ta yi yawa a jininta ana ba ta maganin tenofobir a watannin ƙarshe na ciki don rage haɗarin, akwai kuma wata allurar kariya ta biyu mai tsada da ake haɗa wa jaririn inda hali ya samu. Shayarwa ba ta da laifi, ta ba ɗanta nono.

Sai wanzami. Askin suna, cire beli, kaciya, tsaga, ƙaho, duk jini ake fitarwa, kuma akasari a jikin yara. Kaciyar taro da aska ɗaya ita ce mafi muni. Ba ana cewa a bar wanzamai ba ne, da yawansu ma sun koma sabuwar reza ga kowane mutum, sai dai a tabbatar. Haka 'yan'uwanmu masu yankan farce da ke zagaya tashoshi da kasuwannin Kudu da almakashi ɗaya da ɗan ruwan kumfa: ruwan nan ba ya kashe komai, kuma su kansu suna cikin haɗari in sun yanke. Wanda ke da hali ya sayi nasa kayan ya riƙa miƙa musu. A gidan da samari goma ke kwana ɗaki ɗaya, reza da buroshin haƙori da asuwaki ba abin aro ba ne. Saduwa ma hanya ce ga nau'in B, tsakanin ma'aurata ko waninsu. A nau'in C wannan bai cika faruwa ba, ita jini ne hanyarta.

Ga abin da ba ya yaɗa B ko C, don an zalunci mutane da yawa a kansa: gumi, musabaha, cin abinci kwano ɗaya, shan ruwa a moɗa ɗaya, buta, tari, cizon sauro, zama kusa a sahu ko a mota. Ware wa mutum kwanonsa da tabarmarsa ba ya kare kowa, sai dai ya sa na gaba ya ɓoye tasa takardar.

A da E

Waɗannan na ruwa ne da tsafta. A kan kama yara ta wuce ba a ma sani ba. E ce abin tsoro ga mai ciki, don a watanni ukun ƙarshe tana iya kashe mace ɗaya cikin huɗu ko biyar da suka kamu. An ga haka a ɓarkewar 2017 a Diffa ta Jamhuriyar Nijar da Ngala a jihar Borno, a sansanonin 'yan gudun hijira. Unguwannin da rijiya ke maƙwabtaka da masai, ga ambaliya duk damina, su tafasa ruwan sha. Mai ciki da idonta ya canza launi asibiti za a kai ta a ranar.

Bayan an ba ka takarda

Idan aka rubuta HBsAg aka sa alamar yana nan, ma'anarsa ƙwayar B na jininka a yanzu. Bai faɗi tun yaushe ba, bai faɗi ko hanta ta taɓu ba. Idan aka sake bayan wata shida yana nan, ta zama mai zama ke nan. Daga nan likita zai nemi gwajin aikin hanta, da na yawan ƙwayar a jini, da hoton ciki. Da su ne za a san ko kana buƙatar magani yanzu ko sa ido kawai za a riƙa yi duk wata shida zuwa shekara. Da yawa ba sa buƙatar magani nan take, amma babu wanda ba ya buƙatar bibiya, saboda cutar shiru take aikinta. Hanta kan yi tabo a hankali har ta ƙanƙance ta taurare, ciki ya tara ruwa, ƙafa ta kumbura, wani ya yi aman jini. Ko kuma daji ya fito. A yankinmu dajin hanta magidanta yake ɗauka, 'yan shekara 30 zuwa 50, kuma galibi sai ya yi nisa ake zuwa asibiti.

Maganin B, tenofobir ko entekabir, ƙwaya ɗaya ce a rana. Yana danne ƙwayar ya kare hanta, ya rage haɗarin daji ƙwarai, sai dai ba ya tumɓuke ta, don haka yawanci shan sa na dindindin ne. Kar a fara shi a kemis ba da likita ba, kar kuma a daina don an ji sauƙi ko kuɗi sun yanke ba tare da an yi shawara da likita ba: dainawa kwatsam na iya sa cutar ta taso da ƙarfin da ya fi na da. A gwada ƙanjamau kafin a fara, don tenofobir na cikin magungunansa, kuma shan sa shi kaɗai ga mai cutar biyu na ɓata maganin ƙanjamau ɗin.

C kuwa labarinta ya canza. Ba ta da rigakafi, amma ana warkewa. Idan gwajin farko ya nuna sawunta, sai an yi na biyu mai neman ƙwayar kanta, don kusan 3 cikin 10 jikinsu ya riga ya kore ta. Wanda aka tabbatar, haɗin sofosbubir da daklatasbir na mako 12 na warkar da sama da 95 cikin 100. Wanda ya warke yana iya sake kamuwa in ya koma wa allurar da ta jawo masa. Jihar Nasarawa ta ƙaddamar da shirin kawar da ita a 2020.

Duk mai tallan jarka a tasha ko a Facebook da ya ce zai wanke maka B cikin wata guda, kuɗinka yake so. Abin da ke ba su kasuwa shi ne waɗancan manya 95 cikin 100 da dama za su warke da kansu, sai a ce saiwa ce ta yi. Hantar da ke fama kuma ita ce za ta tace duk abin da aka ɗura mata, ko agbo ne ko haɗin gida ko farasitamol barkatai. Giya ga mai wannan cuta guba ce. Akwai kuma abin da ya shafi 'yan kasuwar hatsi musamman: gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna saboda laimar Kudu na ɗauke da wata guba mai suna afulatoksin, wadda in ta haɗu da ƙwayar B haɗarin dajin hanta ke ninkuwa sau da yawa. Ragowar buhun da ya jiƙe, wanda ba a iya sayarwa ake kai wa gida a yi ƙuli ko kunu, shi ne abin gudu.

Mutum ɗaya in an same shi da B, gidan gaba ɗaya ake gwadawa: mata ko matan, 'ya'ya, da 'yan'uwan da suka fito ciki ɗaya, tunda mai yiwuwa tushen guda ne. Wannan ma ya isa ya kashe zargin da ke raba aure, don wanda aka gano yau wataƙila tun yana goye yake da ita. Wanda ba shi da ita a yi masa rigakafin manya, allura uku: yau, bayan wata ɗaya, sai bayan wata shida da ta farko. Ana samu a manyan asibitocin gwamnati, kuma a kan yi gwaji kyauta ko da rangwame a wurare da dama a kusa da 28 ga Yuli, ranar ciwon hanta ta duniya, wadda aka zaɓa don ita ce ranar haihuwar Baruch Blumberg, wanda ya gano ƙwayar B a shekarun 1960.

Masu shirin zuwa gida ɗaurin aure su sani jihar Kano ta yi dokar gwajin lafiya kafin aure a 2024, kuma B da C na cikin abin da ake dubawa. Samun B ga ɗaya daga cikin masu neman aure ba ya nufin a fasa. Ana yi wa ɗayan rigakafi, a ba shi lokaci ya kama jiki, in da hali a gwada a tabbatar kariyar ta samu. Tunda alluran wata shida suke ɗauka, gara a yi gwajin tun lokacin sa rana, kar a bari sai ana saura mako guda an riga an raba goro.